Kilomita Ashirin da Ɗaya Babu Tiramol

Salama gare ku 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Ishaya. A unguwar Television nake zaune, sauke siminti nake yi a Kakuri. Waɗansunku a kwance a bakin kwata kuka saba ganina, to yau ga ni a tsaye.

Shekara shida na yi ina shan ƙwayar tiramol. Da farko saboda ciwon baya ne, ɗaya da safe. Daga baya ta koma huɗu, ta koma biyar, in ban sha ba ko cokali ba na iya riƙewa. Matata Rifkatu ta yi kuka, ta yi azumi, ni kuwa ina ce mata maganin aiki ne.

Da aka shirya tseren kilomita ashirin da ɗaya a garin nan, na ce ai wannan nawa ne. Mai ɗaukar buhu biyu a ka, gudu ne zai gagare shi? Ko gwaji ban yi ba. Na haɗiye shida, na ce wa Rifkatu ta kawo 'yarmu Alheri unguwar Barnawa su ga wucewata.

Sun kuwa gani. Ana busa usur na fita kamar kare ya biyo ni, na bar kowa a baya. Daidai inda suke tsaye jikina ya ɗauki rawa. Na faɗi ina shure-shure, kumfa a baki, na ciji harshe, na yi fitsari a wando. Shekarar Alheri biyar. Ta ga komai!

A asibiti Rifkatu ta ce, "Baban Alheri, ba zan zauna yarinyar nan ta ga gawarka a titi ba." Suka tafi gidan iyayenta a Zonkwa. Har yau ban ga laifinta ba.

Ranar da aka sallame ni na shiga ɗaki na tarar wayam. Na durƙusa na ce, "Yesu, ni kam na ƙare. In da sauran abin da za ka yi da ni, ka yi." Iyakar addu'ar ke nan.

Bayan kwana biyu sai ga Baba Dogara ya zo, dattijon cocinmu, ga shi can zaune. Shi ne ke wakiltar masaƙar Kakuri a gasar gudu lokacin da take aiki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙarfi kana da shi, jira ne ba ka iya ba. Gobe da asuba ka fito."

Dokarsa ɗaya ce. Yana kan keke, ina gefensa ina gudu ina Addu'ar Ubangiji da ƙarfi. In numfashi ya katse mini ita, na yi sauri ke nan, sai in rage. Masu tallar ƙosai suna wuce ni suna dariya.

'Yan'uwa, na sha wuya! Da na bar ƙwaya, sai gudawa, zufa, jiki kamar tururuwa na cizo. Satin farko ko kilomita ɗaya ban kai ba. Baba ya ce in manta da ashirin da ɗaya, yau gindin mangwaron can kawai za mu. A wata na huɗu na je Barnawa na dawo. Sau biyu na koma wa ƙwaya a tsakani. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Gobe da asuba."

Da tseren ya zagayo bana na shiga. Yanzu zan faɗi abin da Fasto ma bai sani ba. Na ɓoye ƙwaya ɗaya a ƙugun wando.

A kilomita na sha shida ƙafafuna suka mutu, bayana kamar ana sara. Na ciro ta na damƙe. Da zan ce muku na jefar, na yi ƙarya a gidan Allah. Ban iya jefarwa ba, ban kuma haɗiye ba. Haka na ja jiki kilomita biyar da ita a hannu, ina addu'a ina kuka.

Na iso ana kwance rumfa. Na buɗe hannu, ashe zufa ta narkar da ita, sai ɗan kunu a tafi. Kuma ku ji, na kai hannun nan bakina zan lasa! Baba Dogara ya kama wuyan hannuna, ya fasa ruwan leda a kai. Ya wanke shi tas.

Yau wata bakwai rabona da tiramol. Rifkatu ba ta dawo ba. Da na kira, ta ce ta ji, in ci gaba. Ta miƙa wa Alheri waya, yarinyar ta ce, "Baba, wannan karon ba ka faɗi ba?" Na ce ban faɗi ba.

Na gode wa Yesu da ya ba ni bakin faɗin wannan da gaskiya. Kai da ke zaune da taka a aljihu, ka dogara gare shi, ka zo mu yi magana bayan sujada. Ku kuma sa ni a addu'a, don har da safen nan raina ya nema. Amin.