Tafinta Ya Ce Mu Zuba Kanwa

Barka da aiki, Malam mai gabatar da shirin manoma. Sunana Bitrus, daga Kachalla Sembe a nan Jalingo. Don Allah ka karanta wannan duka, kada ka rage komai.

Bana na gwada noman alkama da rani a wajen Lau. Ƙasar jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, har bakin ganyen ya fara ƙonewa. Aka kira mu taro, wani masanin gona ya yi bayani da Turanci cewa ƙasarmu fotash take nema, shi ke sa alkama ta jure ƙishi. Tafinta ya gyara babbar riga ya ce, "Ya ce ku zuba kanwa."

Na ce, "Kanwar miya?"

Ya ce, "Baba, kanwa nawa ka sani?" Jama'a suka kwashe da dariya.

Na sayo kanwa, matata ta daka, na barbaɗa. Ƙasa ta yi fari fat, alkama ta ƙone ƙurmus. Ashe fotash ɗin taki daban ne, yana cikin takin zamanin nan da ake kira kamfa! Da na tare tafintan, wai shi haka ya ji mata suna kiran kanwa da Turanci. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Malam, me zan zuba ƙasar nan ta farfaɗo? Ina gaida waɗanda suka yi mini dariya. Na bi ta gonakinsu, su ma sun yi fari.