Ladan da tukunyar sirace

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Tajaye, ina gaida yayata Rabi a Konni.

Maigidana ne ladanin unguwarmu, kuma masallacinmu ba lasifika. Da sanyin bana mura ta shaƙe shi, murya ta tafi, har maƙwabta na tambaya ko ya yi tafiya. Na dafa ganyen dogon yaro na ce ya yi sirace, ya ce shi ba mai jego ba ne. Ban kula shi ba, na lulluɓe shi da bargo bisa tukunyar, na bi da ruwan citta da kanumfari da zuma. Washegari har Fulani a ruga sun ji kiran azahar!

Maganin mura kam na iya. Wanda ya san na taurin kan maigida, don Allah ya aiko mini.