Hoton Hanjin Ɓera

A tashar Mubi, ana jiran motar Yola ta cika, wata dattijuwa 'yar ƙauyen Vimtim mai suna Liyatu ta leƙa wayar saurayin da ke gefenta.

"Ɗana, hoton ciki ne? Madam ta kusa haihuwa?"

Saurayin ya yi dariya. "A'a, Mama, hanjin ɓera ne, binciken da nake yi a jami'a. Na'urar MRI ce ta ɗauka, tana nuna kumburin bangon hanji ba sai an tsaga ciki ba."

"Ɓeran fa, yana jin zafi?"

"Barci muke sa shi, ya farka ya ci abincinsa."

"Duk karatun nan a kan ɓera?"

Ya sake duban hoton. "Ciwon hanji ne ya kashe mamata, lokacin da Boko Haram suka shigo muka gudu Kamaru. Ba wanda ya ga abin da ke cinta."

Liyatu ta dafa hannunsa. "Mu ma a gudun nan mun binne wata a bakin kogi, ba mu san sunanta ba. Har yau ina tunanin yaranta."

"Tawa ni na rufe ta, Mama."

"Madalla," ta ce a hankali. "Hannun da ta sani ne ya kwantar da ita."