Dutsen da Aka Wanke

A kan bencin tasha, wata mata ta kwance ƙullin zane, ta nuna wa wani tsoho mai sayen duwatsu abin da ke ciki.

"Baba, duba min. Shi ya huda mana kwanon ɗaki jiya, ya faɗo dab da shimfiɗar yarana. Zai isa gyaran rufi?"

Tsohon ya kara mayen ƙarfe a jikin dutsen, ya manne. "Ikon Allah! Daga sama yake, 'yata. Amma ina baƙin bayansa?"

"Ai na dirje shi tas da soson ƙarfe. Wa zai kai kaya kasuwa da dauɗa?"

"Kash! Ba dauɗa ba ce, ƙuna ce. Cikin wuta ya keto sararin sama. Baƙin nan masu saye suke nema, kin rage masa daraja."

"Wannan ɗan abin?"

"Ɗan abin? Na taɓa zuwa inda babbansa ya faɗo tun ba a yi mutum ba. Ramin ya zama tafki, daga wannan gaɓa ba kya hango waccan. Naki ma ya girmi ƙasar da muke takawa."

Ta ce, "Duk wannan tafiya, kuma ya kauce wa yarana da ƙiris."

"Zan saya a hakan."

Ta duba faratanta, ga sauran baƙin maƙale a ciki.

"Saya, Baba. Amma hannun nan, yau ba zan wanke shi ba."