Kan Abu Ziyad Ba Ya Mantuwa

A tashar motar Irbid, Tasnim tana jiran mota ta cika, da kwamfuta a cinyarta. Dattijon da ke gefenta ya leƙo.

"'Yata, wannan baƙin allo fa? Lalacewa ta yi?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Babbar kwamfutar shagon mahaifina nake dubawa daga nan, mai tsarin Linux. Ni na ɗora mata manhajar kula da abokan ciniki, ba wanda ya taya ni. Kwana uku tana yi mini gardama, a na huɗu ta bi."

"Me take yi?"

"Tana riƙe sunan kowa da abin da yake so. Ta zo ba gurbin rubuta alkunya irin Abu wane, alhali a nan wa ke kiran babba da sunansa? Da yake kowa na iya gyara ta, sai na ƙara gurbin."

Dattijon ya ja tsaki. "Aikin masu mantuwa! Je ki shagon gahawar Abu Ziyad ki ga ɗan kasuwa. Bara har sunan wani ya kira ni da shi, na ce tsufa ya gama da shi. Jiya ina buga waya ya ce, 'Abu Basil, kashi biyu baƙa, ɗaya ja ko? Ya gwiwar Ummu Basil?' Wannan shi ne kai, ba na'ura ba!"

Tasnim ta dubi allon. Ita ta shigar da zancen gwiwar nan a manhajar, don ya fito gaban mahaifinta, Abu Ziyad, in wayar ta shigo. Ta rufe kwamfutar a hankali.

"Gaskiyarka, Baba. Irinsa sun yi ƙaranci."