Dashe a Gonar Aro

A tasha, wani dattijo ya ƙura wa dashen itatuwan da ke cinyar na kusa da shi ido, har ya kasa haƙuri.

"Malam, na sayarwa ne?"

"Kyauta ƙungiyarmu ke rabawa, Baba. Ka dasa cikin hatsi, ƙasa ta riƙe danshi, a kuma biya ka ladan gurɓatacciyar iskar da suka shanye. Ungo biyu."

Dattijon ya karɓa, ya shafa ganyen, ya mayar.

"Ba ka da gona ne?"

"Shekara ashirin ina nomanta, amma aro ce wurin surukina. Mai aro in ya dasa itace, ai ya ce gonar tasa ce."

"To ka nemi izininsa mana."

"Na nema bara. Bana rabinta ya bar mini."