Na Je Gayya a Madadin Ɗana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, inuwar giginya, ruwan randa ga matafiyi. A gafarce ni da kutse cikin shirinka.

Daga Miga nake rubutowa. Ɗana Habibu ya daɗe yana faɗuwa jarrabawa, sai da ya shiga ƙungiyar muhawara ta makarantarsu ya sauya abokai, karatunsa ya farfaɗo. Ranar gasarsu ta dace da gayyar noma a gonar wana, Yaya Sule. Ya ce a turo yaron. Na ce, "Yaya, ga ni, ga fartanyata, Habibu kuwa makaranta ya tafi." Har yau ba ya amsa gaisuwata, amma ko gobe haka zan yi.

Malam, ina roƙon amsa a rubuce cikin gaggawa: ta wace hanya zan gyara zumunci ba tare da na taɓa karatun ɗana ba?